Shehu Muhammadu Rif'at, makahon da aka buɗe Rediyon Masar da muryarsa

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya saukar da Littafi a kan bawanSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ƴan'uwa, dattawanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa waɗanda suka riski zamanin da akwatin rediyo ɗaya ke tara unguwa guda, ana tattalin pil kamar ana tattalin hatsi, in aka tambaye su makarantan Alƙur'ani na Masar, sunayen da ke fara zo musu a baki su ne Abdulbasiɗ da Husari da Minshawi. Su aka fi ji a Muryar Sahel da sauran tashoshi, su kuma aka fi saye a kaset daga baya. Amma dukkansu ta ƙofar da wani ya buɗe suka shigo. Wannan mutum shi ne Shehu Muhammadu Rif'at, Allah Ya jiƙansa, wanda ya rasu shekara takwas kafin a kafa gidan rediyo a Yamai cikin 1958, shi ya sa da yawa daga cikinmu sun taɓa jin muryarsa ba su san ta wane ne ba.

An haife shi ran 9 ga Mayu 1882 a unguwar Mugarbilin, cikin tsohon birnin Alƙahira, a shekarar da Turawan Ingila suka mamaye Masar. Mahaifinsa Mahmud Rif'at jami'in ƴan sanda ne. Yaron yana da shekara biyu ciwon ido ya kama shi, ya tafi da ganinsa gaba ɗaya. Uban bai bar shi zaune a gida ba. Yana kai shekara biyar ya kai shi makarantar allo da ke jikin masallacin Fadil Basha, a layin Darbul Jamamiz kusa da Sayyida Zainab, ya damƙa shi ga malam. Bai cika shekara goma ba ya haddace Alƙur'ani. Daga nan ya shiga tajwidi da ƙira'o'i, har ya karɓi ijaza daga Shehu Abdulfattah Hunaidi, ɗaya daga manyan masu isnadi na zamanin.

Yana da shekara tara mahaifinsa ya rasu. Gidan da ake sa ran shi za a riƙa yi wa hidima, sai ga shi nauyinsa ya dawo kan makahon yaro: uwa da ƙanne, kuma babu wata sana'a a hannunsa sai abin da ke ƙirjinsa. A Masar akwai al'adar kafa rumfa in an yi rasuwa, a ɗauko makaranci ya yi ta tilawa da dare masu ta'aziyya na saurare, a sallame shi da abin da ya sawwaƙa. Da irin wannan ya fara ciyar da gidansu. Yana ɗan shekara goma sha biyar aka ba shi kujerar karatun Juma'a a wannan masallaci da ya yi allo cikinsa. Can ƙasar kafin liman ya hau mumbari, makaranci kan zauna a kan wata kujera mai tudu ya karanta wa jama'a, galibi Suratul Kahfi. Rif'at ya riƙe wannan kujera har ƙarfinsa ya ƙare. Da sunansa ya cika duniya an yi masa tayin manyan masallatai, bai tashi ba, don yana ganin wurin da ya raine shi yana da hakki a kansa. Wanda ya san ladabin murid da zawiyar da aka yi masa tarbiyya ba zai yi mamakin wannan ba.

Yadda karatunsa yake, sai dai mutum ya ji da kunnensa, amma ana iya kwatantawa. Ba shi da irin dogon numfashin Abdulbasiɗ, kuma muryarsa ba mai cika fili ba ce. Yakan fara da neman tsari da basmala a ƙasa-ƙasa, a natse, kamar mai gyara zama gaban babba. Sai muryar ta riƙa hawa kaɗan-kaɗan har ta kai ƙololuwa, ba tare da ta tsage ba, sannan ta sauko. Babbar baiwarsa tana wajen sanin inda ake tsayawa da inda ake farawa. Yakan tsaya a kan kalma sai ma'anar ayar ta buɗe wa mai saurare kamar an yi masa tafsiri. Ayar rahama tana da nata sauti a bakinsa, ayar azaba tana da nata, kuma in ya zo kan zance tsakanin mutum biyu cikin ƙissa, kana iya rarrabe mai tambaya da mai amsa. Ya san maƙamai na sautin Larabawa sarai, irin su bayati da saba da hijaz da rast da sika, har masu tarihinsa sun ce ya ajiye faya-fayen kiɗan Turawa irin na Beethoven da Mozart yana nazarin yadda suke jera sauti. Duk da haka bai taɓa jan madda fiye da hakkinta don daɗin murya ba. Hukuncin tajwidi ke gaba, sauti na biye. A nan ne masu kwaikwayonsa da yawa suka faɗi, suka ɗauki karin suka bar tsoron Allah da ke ƙarƙashinsa. Mutanen da suka zauna kusa da kujerarsa sun shaida cewa sau da yawa hawaye na zuba a fuskarsa yana cikin karatu.

Masu tarihinsa sun siffanta shi da zuhudu da son sufaye, sun kuma danganta shi ga ɗariƙar Naƙshabandiyya. Mutum ne mai yawan kaɗaita da tsayuwar dare, mai taushin zuciya ga miskinai. Gidansa kuma majalisa ce, malamai da mawaƙa da marubuta na zuwa. Shahararren mawaƙin nan Muhammad Abdulwahab, wanda sarakuna ke zama saurarensa, an ruwaito cewa in ya zo wurin Shehu a ƙasa yake zama, kusa da ƙafafunsa.

To, sai maganar rediyo. A ƙarshen shekarun 1920 ƴan kasuwa sun buɗe ƙananan tashoshi a Alƙahira da Iskandariyya, ana talla da waƙe-waƙe, wani lokaci har da zage-zage tsakanin tasha da tasha. Gwamnati ta rufe su duka a watan Mayu 1934, bayan ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Marconi na Ingila a kafa gidan rediyon ƙasa guda ɗaya. Aka nemi Rif'at ya zama makarancin da za a buɗe tashar da shi. Ya ƙi.

Dalilin ƙinsa ya cancanci a tsaya a kansa, don mas'alar ba ta mutu ba. A masallaci ko a rumfar ta'aziyya makaranci ya san inda yake. Ko da makaho ne, yana jin numfashin jama'a, yana jin ƙamshi ko warin wurin, in aka yi hayaniya ko aka kunna taba yana iya rufe baki ya tashi. Amma akwatin rediyo ba ya tambayar inda aka ajiye shi. A lokacin ba kowane gida ke da shi ba, mafi yawa a gidajen shan gahawa yake, inda ake caca da dara da shan hayaƙi, wasu kuma a mashaya. Allah Ya yi umarni a ƙarshen Suratul A'araf da a saurara a yi shiru in ana karanta Alƙur'ani. To wanda ya aika da karatu wurin da ya san ba za a yi shiru ba, shin bai yi tarayya cikin laifin ba? Wannan ita ce tambayar da ta hana shi barci. Ba shi kaɗai ba ne kuma. Shehu Abdulfattah Sha'asha'i, takwaransa a shahara, shi ma ya guji makirufo da farko saboda irin wannan tsoron.

Abin da ya yi shi ne abin da ya dace da mai ladabi. Bai yanke wa kansa hukunci ba, ko da yake ya fi masu neman nasa sanin Alƙur'ani. Ya kai maganar gaban Shehun Azhar na lokacin, Muhammad Ahmadi Zawahiri, wanda kafin nan ya shugabanci makarantar masallacin Sayyid Ahmad Badawi a Ɗanɗa. Shehun Azhar ya ba shi fatawar halacci. Hujjar masu halattawa a bayyane take: laifin rashin ladabi yana kan wanda ya yi shi, kuma ga mata a cikin gidaje, ga marasa lafiya a kwance, ga manoman ƙauyukan da ba su taɓa jin ingantaccen tajwidi ba, duk za su samu rabo. Ana iya ma samun wanda aya ɗaya za ta riske shi a wurin saɓo ta juyo da shi.

Ranar Alhamis 31 ga Mayu 1934, cikin watan Safar 1353, aka buɗe Rediyon Masar, Shehu Rif'at ya karanta farkon Suratul Fathi. Yana da shekara 52 a ranar. Zaɓen surar ma kaɗai ya nuna irin fahimtarsa: sura ce da ta sauka bayan sulhun Hudaibiyya, sulhun da sahabbai da yawa suka ji nauyinsa a zuciya, daga baya ya zama mabuɗin shigar mutane addini. Daga nan aka sa masa ranakun Talata da Juma'a, ana watsa karatun kai tsaye. Waɗanda suka ga zamanin sun ba da labarin yadda gidajen gahawa kan yi tsit in lokacinsa ya yi, a ajiye dara, mai wucewa ya tsaya bakin ƙofa. Kiristocin Masar, Ƙibɗawa, suna cikin masu jiran lokacinsa, musamman in zai karanta Suratu Maryam. Ɗan wasan kwaikwayon nan Najib Rihani, wanda Kirista ne, an san shi da son karatun Shehu har yana kuka. Abin da Rif'at ya ji tsoro bai rasa faruwa a wasu wurare ba, amma abin da Shehun Azhar ya hango shi ya rinjaya. Da aka ga haka sauran makaranta suka biyo, har Sha'asha'i. Abdulbasiɗ ya shiga rediyon a 1951, Husari ya naɗi Alƙur'ani sukutum cikin murattal a 1961, a 1964 kuma aka buɗe tashar da ba ta watsa komai sai Alƙur'ani da ilminsa.

Wannan hanya ta iso har ƙasarmu, ta kuma canza wani abu a kunnenmu. Allon makarantunmu da ruwayar Warshu aka san shi tun kaka da kakanni, da rubutunmu na gida. Makarantan Masar kuwa galibi da ruwayar Hafsu suke karatu, irin ta mus'hafin da aka buga a Alƙahira cikin 1924. Rediyo da kaset na cikin abubuwan da suka saba wa yaranmu da Hafsu, har yau ka ga gida ɗaya kaka na Warshu jika na Hafsu. Duka biyun mutawatirai ne, babu abin faɗa a ciki, sai dai bai kamata a bar wadda muka gada ta zama baƙuwa a garinta ba.

Mu koma ga Shehu. Da sashen Larabci na BBC ya fara aiki a Janairu 1938, masu shi sun gane cewa ba za su samu kunnen Larabawa ba sai da Alƙur'ani, suka nemi Rif'at. Nan ma ya tsaya, don gidan na waɗanda ba Musulmi ba ne, kuma ƙasar da ke mulkin mallaka a Masar. Sai da ya tambayi Shehun Azhar na lokacin, Muhammad Mustafa Maragi, sannan ya yarda ya naɗa musu Suratu Maryam. Sarkin Haidarabad na Indiya, wanda ake lissafawa cikin mafi dukiyar mutanen duniya a zamanin, ya aiko a ɗauko shi da alkawarin dubban fam. Bai je ba. Aka ƙara kuɗin, bai je ba. Ya ci gaba da hawa kujerarsa ta Darbul Jamamiz, inda a shekarun yaƙin duniya na biyu har sojojin Turawa da ke Alƙahira kan zo su raɓe suna saurare.

Akwai abu ɗaya da zuciyarsa ba ta taɓa sakewa da shi ba, wato naɗar murya a faifai. Watsawa kai tsaye tana wucewa da wucewar lokacinta. Faifai kuwa kaya ne: ana saye, ana sayarwa, mai janaba na iya ɗauka, ana iya jera shi da fayafayen waƙa, a sa shi a garmaho ɗaya da su. Saboda haka abin da gidan rediyon ya adana na muryarsa kaɗan ne ƙwarai. Da a ce iyakar abin ke nan, da yau sai dai mu ji labari.

Sai Allah Ya hore wani mutum, Zakariyya Basha Mahran, attajiri ɗan majalisar dattawa daga Ƙusiya a yankin Asyuɗ. Son karatun Rif'at ya kama shi, ya sayo na'urar naɗar sauti daga Jamus ya kafa a gidansa. Duk ranar da Shehu zai yi karatu, sai ya zauna gaban rediyo yana naɗa a faifai, ba da sanin mai karatun ba. An ce su biyun ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. Wasu masoyan ma sun yi irin haka. Faifan wancan zamani ƴan mintuna kaɗan yake ɗauka, sai a cire a sa wani, karatu kuwa bai jira, shi ya sa ake samun giɓi a tsakiyar aya, ga ƙarar iska da ƙaiƙayin allura. Bayan rasuwar Shehu aka bi gidaje aka tattara. Lissafin da aka fi kawowa shi ne faifai 278, ɗauke da sura 19, tsawon sa'a 21. Wasu giɓoɓin Shehu Abul Ainaini Sha'isha ya cike su, don yana iya kwaikwayon muryar Rif'at har ba a rarrabewa.

Wa ya yi daidai, Shehun da ya ƙi ko Bashan da ya naɗa a ɓoye? A ganina kowannensu ya yi abin da maƙaminsa ya hukunta. Shi Shehu girmamawa ce ta hana shi, kuma da bai kasance mai irin wannan tsantseni ba, da karatun bai zama abin da ake ɓoyewa a naɗa ba. Shi kuma Basha ƙauna ce ta sa shi, bai kuma mai da abin haja ba. Sai dai in mutum ya dubi halinmu na yau, da sura ke tashi daga waya a aljihu a matsayin ƙarar kira, a katse ta a tsakiyar kalma don a amsa, ko a kunna karatu a shago ana ciniki da rantsuwa a kansa, ko a fada ana shan shayi ana ƙyaƙyata dariya, zai gane cewa tsoron makahon nan ba waswasi ba ne. Fatawar da aka ba shi ta halatta watsawa ne, ba ta ɗauke wa mai saurare nasa wajibin ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda a kansa aka saukar da Littafin, ya nemi Abdullahi ɗan Mas'ud ya karanta masa, ya zauna yana saurare har idanunsa suka zubar da hawaye a cikin Suratun Nisa'i.

A 1943 jarrabawa ta zo masa ta inda ya fi ƙarfi. Shaƙuwa ta kama shi, irin wadda ba ta tsayawa, takan ɗauki sa'o'i tana tsinka masa numfashi. Daga baya aka gane ciwon daji ne a maƙogwaro. Ya daina zuwa rediyo, amma ya yi ta ƙoƙarin riƙe karatun Juma'a. An ruwaito cewa wata Juma'a yana cikin Suratul Kahfi shaƙuwar ta taso, ya yi shiru ya sake ɗauka, ta sake tsare shi, ya yi ta gwadawa har ya ga ba hali. Ya sunkuyar da kai yana kuka, ya sauko daga kujerar ya bar wa wani, masallaci ya rikice da kuka. Wanda aka jarraba da rashin gani yana ɗan shekara biyu, ga shi an karɓi muryar ma yana ɗan sittin da ɗaya.

Magani ya cinye abin da ya tara, wanda dama ba mai yawa ba ne, har ya sayar da kadararsa. Ɗan jarida Ahmad Sawi Muhammad ya yi yekuwa a jarida a taimaka masa, mutane suka amsa daga ko'ina, talaka da basarake, Musulmi da Kirista, aka tara dubban fam. Shehu ya ƙi karɓa, ya sa a mayar wa masu shi. Wasu sun ga tsanani a cikin wannan, tun da kyautar da ba a roƙa ba halal ce, kuma yana da iyali. Gaskiya ne. Amma shi abin da ya duba daban ne: yekuwar da sunan makarancin Alƙur'ani aka yi ta, a shafin jarida, kuma bai so a ga ma'abocin Alƙur'ani da ƙoƙon bara ko da wani ne ya riƙe masa. Shekara bakwai ya yi cikin wannan hali, a gida, bakin da ya cika duniya ba ya iya gama aya, ba a kuma ji ya kai ƙarar Ubangijinsa wurin kowa ba. Abokansa sun yi ta fafutukar a yanka masa ɗan albashin wata daga ma'aikatar waƙafi, ajali ya riga.

Ya rasu ran 9 ga Mayu 1950, cikin watan Rajab 1369, a daidai ranar da aka haife shi, yana da shekara 68. Burinsa tun da daɗewa shi ne a binne shi a maƙwabtakar Sayyida Nafisa, tattaɓa-kunnen Sayyidina Hasan ɗan Ali, wadda ta rasu a Masar a shekara ta 208 bayan hijira. Ita ce baiwar Allah da ta haƙa kabarinta da hannunta a cikin ɗakinta, tana shiga tana sauke Alƙur'ani a ciki, ita ce kuma aka biya da gawar Imam Shafi'i ta gidanta don ta yi masa salla. Rif'at yakan je wurin tun yana da rai, ya zauna ya yi karatu. An samu fili kusa da masallacinta, can aka kai shi.

Misirawa suna yi masa laƙabi da garayar sama. Har yanzu in azumi ya kama, tashoshin Masar kan sa karatunsa gab da faɗuwar rana, sannan kiran sallarsa na magariba, da shi miliyoyin mutane ke buɗa baki. Wanda ke son ji daga cikin ƴan'uwa ya nemi Suratu Maryam ko Suratul Kahfi ko Suratur Rahman da muryarsa, suna nan a intanet da ƙarar tsohon faifansu. Ya yi alwala, ya sami wuri mai shiru.

Allah Ya jiƙan Shehu Muhammadu Rif'at, Ya sa Alƙur'ani ya cece shi, Ya saka wa Zakariyya Basha da alheri, Ya haɗa mu da su a ƙarƙashin tutar Shugaban halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amin.